Akwatin Tsohon Soja: Wa Zai Riƙe Shi Bayanmu?



A taron jam'iyyarmu na watan jiya wani daga cikin samarinmu ya kawo shawara, wai a nemi ɗaki guda a cikin Zongo a riƙa tara kayan tsofaffin sojanmu, na kakanni da na iyaye, domin na baya su gani. Waɗansu suka yi dariya. Wani dattijo ya ce, ana ta kai wa ke ta kaya, ga kwata ta toshe, ga rufin makaranta yana yoyo. Aka tashi ba a yanke kome ba. Mu kam mun kwana da maganar, mun juya ta, mun ga yaron nan ya faɗi gaskiya, sai dai bai kai ta ƙarshe ba. Samun ɗaki abu ne mai sauƙi. Abin da ke da wuya shi ne wanda zai riƙe ɗakin, da wanda zai riƙe shi bayan mai riƙon ya kwanta dama. A kan wannan mu ke so mu yi magana, kuma za mu fara da labarin waɗansu mutane na can nesa da suka riga mu yin irin wannan aiki.

A kudancin Sikotilan, dab da iyakarta da Ingila, akwai wani ƙaramin gari ana ce da shi Eastriggs. Yaƙi ne ya haifi garin. A cikin 1915, yaƙin Jamus na farko yana ci, sai harsashin igwa ya yi wa sojan Ingila ƙaranci, har abin ya zama abin kunya ga gwamnatinsu. Sai ta zaɓi wannan wuri ta gina masana'antar albarushi wadda tsawonta ya kai mil 9, daga wajen Eastriggs har ta tsallaka iyaka ta shiga Ingila. A 1916 aka fara aiki. Mutanen da suka yi aiki a wurin sun kai wajen 30,000, fiye da 10,000 daga cikinsu mata ne, yawancinsu 'yan mata da suka baro gidajen iyayensu. Aka gina musu garuruwa biyu sababbi ful, Gretna da Eastriggs, da makarantu da asibiti da wuraren ibadarsu. Magina kuwa da suka zo aikin suka dulmuya cikin shan giya, har gwamnati ta ga babu dama sai ta karɓe gidajen giya na wannan yanki ta riƙa gudanar da su da kanta. Ashe ba mu kaɗai muka san ɓarnar kwalba ba.

Aikin matan nan shi ne su cuɗa haɗin albarushi da hannu a cikin manyan tukwane, haɗin da in an yi kuskure kaɗan zai tashi da kowa. Wani mashahurin marubucinsu, Arthur Conan Doyle, ya ziyarci wurin a 1916, ya ga abin da ke cikin tukwanen, ya sa masa suna Devil's Porridge, watau kunun Shaiɗan. Da yaƙi ya ƙare aka sallami ma'aikata, a 1924 aka yi gwanjon gidaje da filaye, kowa ya kama gabansa. Shekara ta bi shekara, 'yan matan nan suka tsufa, suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, hotunansu da takardunsu na cikin akwatuna, jikoki ba su san darajarsu ba.

Sai a 1997, shekara kusan 80 bayan ƙarewar yaƙin, waɗansu mutanen gari masu aikin sa kai suka haɗa kansu ƙungiya, suka shiga tara hotuna da tsofaffin kaya da labaru. Ba su da gini, sai suka fara baje kayan a cikin wata coci ta garin. Daga baya suka yi ƙaura zuwa wani wuri na wucin gadi. A 2014 ne suka buɗe gininsu na kansu, wanda aka gina musamman domin wannan aiki, suka ba shi sunan nan na kunun Shaiɗan. Yau baƙi daga ƙasashe dabam dabam su kan tsaya a wannan ɗan gari su biya kuɗi su shiga. A ciki har da labarin haɗarin jirgin ƙasa na Quintinshill, wanda ya auku kusa da nan a watan Mayu 1915, ya kashe mutum fiye da 200, yawancinsu soja masu tafiya bakin daga.

To, ku lissafa da kanku. Daga 1997 zuwa 2014 shekara 17 ke nan. Shekara 17 mutanen nan suna riƙe da kayan jama'a a wuraren aro, ba su watse ba, kayan ba su salwanta ba. Me ya riƙe su? A ganinmu abu guda ne: tun da wuri sun fitar da kayan daga hannun mutum ɗaya, sun sa su a hannun ƙungiya mai rajista, mai amintattu, mai littafin shiga da fita. Wanda ya ba da hoton kakarsa ya san ba wani ya ba, gari ya ba. Masu ba da taimakon kuɗi kuma, ko hukuma ko masu arziki, ba su sakin dukiyarsu sai sun ga wanda za su kama in ta ɓace. Kaya suka fara taruwa, amana ta tabbata, sa'an nan gini ya biyo baya. Mu a nan mun saba da akasin haka. Mu kan fara da aza harsashi, a kira manya, a yanka rago, a ɗauki hoto, bayan shekara goma awaki ne ke kwana a kangon.

Wani zai ce, ina ruwan Zongo da wannan, mu 'yan kasuwa ne da almajirai. Mai faɗin haka bai san rabin asalinsa ba. Gaskiya ne goro ya kawo kakanninmu da yawa, ta Salaga da Kintampo da Atebubu. Amma kaki ma ya kawo waɗansu. A 1863 wani Bature mai suna Glover ya kafa rundunar Hausawa a Ikko, watau Legas, da yawa daga cikinsu bayi ne da suka gudo daga iyayengijinsu. Da su aka zo yaƙin 1873 zuwa 1874, wanda a cikinsa Turawa suka ƙone Kumasi. A 1879 aka kafa wa Gold Coast rundunarta ta kanta, a 1901 ta zama Gold Coast Regiment. Ana kiransu sojan Hausa, amma a cikinsu akwai Gurunsawa da Dagarti da Mosawa da Frafra da Zabarmawa da Wangarawa da Fulani. Hausa ce harshen bariki, da ita a ke ba da umurni, har taken rundunar ma da Hausa ya ke: Kullum Shiri. Da yawansu da aka sallame su ba su koma Arewa ba. Suka auri mata, suka kafa gida a zanguna, suka zama masu gadi da 'yan sanda da masinjoji da mahauta. Jikokinsu ne ke sahu ɗaya da mu a masallaci.

A watan Agusta 1914, a ƙasar Togo, sojan wannan runduna mai suna Alhaji Grunshi shi ne aka shaida ya fara harba bindiga a duk cikin sojan Sarkin Ingila a yaƙin duniya na farko. Daga Togo suka tafi Kamaru, daga nan Afirka ta Gabas. A yaƙin Hitila mutanen Gold Coast wajen 65,000 suka sa kaki. Sun yaƙi Italiya a Somaliya da Habasha a 1940 da 1941, sa'an nan aka kai su Bama suka gamu da Japan a dazuzzukan Kaladan da Arakan, aka ci Myohaung a watan Janairu 1945. Ku dubi sunayen barikokinmu: Burma Camp a Akra, Uaddara a nan Kumasi, Kamina a Tamale, Myohaung a Takoradi. Duk sunayen wuraren da yaƙi ya kai mutanenmu ne. Yaranmu suna wuce su a mota kullum, a zatonsu sunaye ne kawai. Waɗanda suka dawo kuwa suka tarar alkawaran da aka yi musu sun zama iska. Ran 28 ga Fabrairu 1948 tsofaffin soja suka nufi fadar Gwamna a Osu da takardar kukansu, aka harbe uku, Saje Adjetey da Kofur Attipoe da Farabiti Odartey Lamptey. Tarzomar da ta biyo baya ita ta gaggauta mulkin kai na 1957.

Mun sani akwai gidan kayan tarihin soja a tsohuwar ganuwar Turawa da ke tsakiyar garin nan, wadda aka gina a 1897, aka mai da ita gidan tarihi a farkon shekarun 1950. Muna roƙon kowane uba ya kai 'ya'yansa. Za su ga igwa da tutoci da hotuna da ganimar da aka ƙwato daga Italiya da Japan. Amma gidan na soja ne, labarin runduna ya ke bayarwa, haka kuma ya kamata. Ba aikinsa ba ne ya gaya mana a wane lungu Kofur wane ya zauna bayan sallama, ko wace sana'a ya kama, ko wane malami ya rubuta masa layar da ya tafi da ita Bama. Ba zai ba mu labarin magajiyar bariki ba, wadda ke shugabantar matan soja, ta raba faɗa, ta karɓi haihuwa, ta riƙe gida mazan na bakin daga. A cikin ganuwar nan ne aka tsare Gwamna Hodgson a 1900 lokacin yaƙin Yaa Asantewaa. Da ya sulale ya fita a watan Yuni, ya bar Turawa uku da 'yan sojan Hausa, yunwa tana kashe su har aka kawo musu gudummawa a tsakiyar Yuli. Sunayen Turawan ukun suna cikin littattafai. Ku tambayi kowa a Zongo sunan mutum ɗaya daga cikin sojan.

Kada ku ce mu ne ke ƙorafi. Hukumar da ke kula da kaburburan sojan Ingila da ƙasashen da ta mallaka ta fitar da rahoto a 2021, ta amsa da bakinta cewa mutum aƙalla 116,000 da suka mutu a yaƙin farko, yawancinsu 'yan Afirka da Masar, ba a rubuta sunayensu a ko'ina ba, ko ma ba a yi musu wata alama ba sam, alhali Turawa an rubuta sunayensu a kan duwatsu. Gwamnatin Ingila ta ba da haƙuri a majalisa. Haƙuri ba ya tono suna daga ƙasa. In akwai inda sunayen nan suka rage, to, a bakin tsofaffinmu ne da cikin akwatunanmu.

Akwai kuma wata fa'ida da ba mu so a manta. Manyanmu suna tune da 1969, sa'ad da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su fita. Zanguna suka girgiza, aka sayar da gidaje a wulaƙance, mutanen da aka haifa a nan suka hau manyan motoci zuwa ƙasashen da ba su taɓa gani ba. Har yau yaronmu ya kan je neman fasfo ko katin ɗan ƙasa, a dubi sunansa a ce, kai daga ina? Ba mu ce takardar sallamar kaka ita ce shaidar zama ɗan ƙasa ba, wannan maganar doka ce da lauyoyi. Amma al'ummar da za ta iya buɗe ƙofa ta nuna wa kowa cewa ga mutanenta cikin kakin ƙasar nan tun 1879, da sunayensu da lambobinsu, ba a yi mata kallon baƙuwar jiya.

Yanzu sai maganar malamanmu, wadda ita ce mai nauyi, ba kuwa za mu kauce mata ba. Waɗansu sun ce, sojan nan Nasara suka yi wa aiki, da hannunsu aka ci ƙasar Asante da mu ke zaune a cikinta, da hannunsu aka ci ƙasashen Arewa, har da na Musulmi, yaya za mu gina musu ɗakin girmamawa? Wannan magana gaskiya ce, kuma dole a rubuta ta a bangon ɗakin da manyan baƙaƙe. Ɗakin da mu ke nufi na shaida ne, kirari ba shi da wuri a ciki. A faɗi wanda ya shiga soja don gudun bauta, da wanda sarkinsa ya kama ya miƙa don cika adadin da Bature ya yanka masa, da wanda yunwa ta kora, da wanda ya shiga don son kaki da jar dara. A faɗi abin da suka yi na jaruntaka, a faɗi garuruwan da suka ƙona. Alhaji Umaru na Kete-Krachi, wanda ya rasu a 1934, ya ga zuwan Nasara da idonsa, bai so shi ba, amma bai yi shiru ba, ya rubuta domin na baya. Hisabin mutanen nan yana wurin Allah. Namu shi ne kada mu ƙara kada mu rage. Kuma tun da a ƙasar Asantehene mu ke, ladabi ya wajabta a kai maganar fada tun kafin a rataya hoto ko ɗaya, ta hannun Sarkin Zongo. Gunki kuwa ko mutum-mutumi, babu mai kawo shi.

To, yaya za a riƙe? A nan ba mu bukatar aron kome daga Sikotilan, gama abin da suka yi muna da shi a addininmu tun kafin su san shi. Sunansa waƙafi. Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda, ya tsayar da gonarsa ta Haibara a kan ba a sayarwa, ba a kyauta da ita, ba a gadonta, amfaninta kaɗai a ke ci. Sharuɗɗan nan uku su ne maganin ciwonmu. Sau nawa muka ga mutumin kirki ya ba da ɗaki don makaranta, ya rasu, magada suka zo da mai awo suka ce ɗakin yana cikin gado? Ba a rubuta ba, shaidu sun mutu, magana ta ƙare a kotu, zumunci ya lalace. Dokar ƙasa ma ta ba da hanya: tun 1962 akwai dokar da ta yarda ƙungiyar addini ko ta ilmi ta yi wa amintattunta rajista, su riƙe fili da dukiya da sunan ƙungiya, in ɗaya ya mutu a naɗa wani, dukiya tana nan inda ta ke. Sai a haɗa biyun, takardar waƙafi a gaban Liman da shaidu, rajista a gaban hukuma.

Amintattun kada su fito daga gida ɗaya ko kabila ɗaya. In aka ce na Hausawa ne kaɗai an yi ƙarya tun daga ƙofa, tun da mun faɗi irin mutanen da suka cika rundunar. A sa na sarakunan Mosawa da Zabarmawa da Gurunsawa da sauransu, a sa tsohon soja, a sa malamin makaranta wanda ya iya riƙe littafi, a sa mata aƙalla biyu, domin akwatunan nan a ɗakunan mata su ke, kuma tsohuwa ba ta buɗe wa namiji baƙo adakarta. Ɗan siyasa in ya kawo gudummawa a karɓa a yi masa godiya a rubuta, amma kada a ba shi kujera. Mun ga yadda a ke yi: abin da aka shafa wa launin jam'iyya ɗaya, ran da ta faɗi shi ma ya faɗi. An kafa Asusun Raya Zongo da doka a 2017, ba laifi a nemi taimakonsa in lokaci ya yi, haka ma 'yan'uwanmu da ke Ingila da Jamus da Amurka. Amma a tafi musu da littafi cike a hannu.

Ga mai cewa kwata ta fi gaggawa, mun yarda, a gyara kwata. Aikin da mu ke kira a fara bai taɓa kuɗin kwata ba. Abin da ya ke ci shi ne babban littafi guda, da akwatin ƙarfe mai makulli biyu, da samari huɗu masu wayar da ke ɗaukar hoto da murya. Kuma kada a tsorata mutane da cewa za a raba su da kayan iyayensu. A farkon shekarun 1960 masana na Jami'ar Legon sun bi malamanmu gari gari, suna aron littattafan Larabci da na ajami, su ɗauki hotonsu, su mayar wa mai shi da abinsa. Da wannan dabara aka tsirar da rubuce-rubuce masu yawa waɗanda da yanzu gara da gobara sun cinye. Haka za mu yi. Mai son ya ba da lambar yabon kakansa waƙafi, a karɓa a ba shi rasiɗi mai sa hannun mutum biyu. Mai son ya riƙe abinsa, a ɗauki hoto, a rubuta sunan sojan da lambarsa da garinsu da inda ya yi yaƙi, a bar masa kayansa.

Kwata za ta jira mu zuwa baɗi, tsofaffi ba za su jira ba. Wanda ya je Bama yana ɗan shekara 18 a 1944, an haife shi a 1926 ke nan, ku ƙidaya. Su kam kusan duk sun tafi, Allah ya jiƙansu. Waɗanda suka rage su ne 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu, su ma furfura ta rufe su. Bayansu akwai waɗanda suka je Kwango a 1960, da na Labanan, da na Laberiya a 1990, suna nan cikinmu suna zama a bakin masallaci, ba wanda ya taɓa ce musu ku ba mu labari. Da su ya kamata a fara, tun a wannan wata.

Gargaɗi guda kafin mu ajiye alƙalami. In an buɗe akwati aka tarar da harsashi ko gurneti ko bindiga, kada yaro ya taɓa, kada a ɗauko a kawo ofishin jam'iyya. A bar shi inda ya ke, a sanar da 'yan sanda, gama tsohon albarushi ba ya tsufa da mugunta. Abin da mu ke nema shi ne takardar sallama, da littafin fansho, da lambobin yabo, da hotuna, da wasiƙu na boko ko na ajami, da jar dara ko ɗamara in sun rage. Masu kayan gwangwan suna yawo lungu lungu suna sayen tagulla da awo, lambar da mutum ya samo a Kaladan ba ta kai musu kuɗin koko da ƙosai ba. Ku gaya wa matan gida da yara kada a sayar musu da kome daga akwatin tsoho. Wanda ke da irin waɗannan kaya, ko ya san gidan da su ke, ya ba Magatakardan jam'iyya sunansa bayan sallar Juma'a, domin a san yawan gidajen kafin a kai maganar gaban Sarkin Zongo da Liman.